Mi ya sa anka cire ma Everton maki, amma Tottenham ta gina filin fam biliyan ɗaya ba a taɓa ta ba?

Wani ƙanena daga Argungu, ɗan Everton ne na gani kashe ni tun zamanin Yobo da Yakubu, ya turo mani tambaya ya ce: "Yaya, tunda lissafin kuɗi ne aikinka, warware mani wannan. Kullum a gidan kallo ana cewa kuɗin gina fili ba su shiga lissafin FFP. To in haka ne mi ya sa anka zaftare ma Everton maki alhali fili take ginawa, ita kuma Tottenham ta kashe kusan fam biliyan ɗaya babu wanda ya ce mata uffan? Ba son kai ba ne wanga?"

To ƙanena, abin da ka ji a gidan kallo gaskiya ne, amma rabin maganar kawai anka ba ka. Kuɗin ginin fili ba su shiga lissafi, wannan haka yake. Sai dai ba ginin ne ya ja ma Everton hukunci ba, kuma rashin shigarsu lissafin doka bai hana su cin aljihun kulob ba. Bari in bi maka ita daga tushe, don in na tsallake za ka sake kawo mani tambayar nan mako mai zuwa.

Da farko dokokin nan na taƙaita asarar kulob da yadda yake kashe kuɗi ba ɗaya ba ne, mu ne muke haɗa su mu ce FFP (Financial Fair Play) gaba ɗaya. Akwai ta hukumar UEFA, wadda anka amince da ita a 2009 lokacin Michel Platini yana shugaba, ta fara aiki a kakar 2011/12, ita tana hawa kan kulob ɗin da ke buga gasannin Turai ne. Akwai kuma ta Firimiyar Ingila da ake ce ma PSR, wato dokar riba da ɗorewar kulob, anka kawo ta a 2013, kuma ita ce ta kama Everton, UEFA ba ruwanta da wannan shari'a. Sifaniya ma na da tata daban, can Laliga ce ke yanka ma kowane kulob iyakar albashin da zai biya tun kafin a fara kaka, in ka wuce ba za a yi ma ɗan wasanka rajista ba, abin da ya raba Messi da Barcelona a 2021 ke nan.

Ta Ingila mai sauƙin ganewa ce. An yarda kulob ya yi asarar da ba ta wuce fam miliyan 105 ba cikin shekara uku, kuma a cikin nan miliyan 15 kawai ce asarar da zai ɗauka da kansa, sauran 90 sai mai kulob ya tsaya ya nuna shi zai cike ramin da kuɗinsa. Amma kafin a kai ga wannan adadi ana zare wasu abubuwa daga cikin asarar: abin da anka kashe a makarantar rainon yara 'yan ƙwallo, da ƙwallon mata, da ayyukan taimakon al'umma, da kuma gine-gine, wato fili da wurin atisaye. Su ba a ƙirga su. UEFA ma haka ta yi tun farko.

Dalilin zare su yana da ma'ana ƙwarai, ni dai ina goyon bayansa. Ka ɗauki manomin shinkafa a fadamar nan taku. In ya ci bashi ya haƙa rijiya ya sayi injin ban ruwa, ko bana ba ta yi ba rijiyar na nan, baɗi zai mora, ɗansa ma zai mora. In kuma ya ci bashin ya ninka ma 'yan ƙwadago kuɗi don kawai ya ƙwace su daga gonar maƙwabcinsa, ranar da kuɗin sunka ƙare ba injin ba rijiya, bashi kaɗai zai rage mishi. Abin da masu dokar sunka gudu ke nan, attajiri ya zo ya sa hannu a kwantiragin 'yan wasa na shekara biyar biyar da albashin da kulob ba ya iya biya, ya gaji ko arzikinsa ya karye ya kama gabansa. Fili kuwa ko ya tafi ba zai naɗe shi ya sa a jaka ba.

Akwai kuma yadda mu masu lissafi ke rubuta gini a littafi, wanda yawancin mutane ba su lura da shi. In kulob ya kashe miliyan 800 a gini, ba a rubuta wannan a matsayin asarar shekarar, ana rubuta shi a matsayin kadara ne, sannan duk shekara a riƙa rage wani ɗan kaso na darajarsa saboda tsufa, har shekara arba'in ko hamsin. Wannan ɗan kason da ake ragewa shi ne zai bayyana a shafin riba da asara, kuma shi ne doka ta ce a zare. Shi ya sa Tottenham ta buɗe filinta mai cin mutum sama da 62,000 a Afrilun 2019 ba tare da lissafinta na PSR ya girgiza ba.

Yanzu ga inda Everton ta shiga uku. Ginin kansa ba shi da matsala, matsalar tana wajen kuɗin ruwan bashi. Ƙa'idar ita ce in ka ciyo bashi takanas don gini, ruwan da kake biya lokacin da ake aikin za ka iya ɗora shi kan kuɗin ginin, ya zama wani ɓangare na kadarar. Amma sai takarda ta nuna cewa bashin na ginin ne. Everton ta samu kuɗi ta hanya biyu a wancan lokacin: mai kulob ɗin, Farhad Moshiri, yana ba da rance marar ruwa, sannan kulob ɗin ya ciyo bashi mai ruwa daga waje. Da anka zo lissafi sai Everton ta ce ai ruwan bashin nan na waje saboda fili ne, a zare mata shi. Kwamitin da ya saurari ƙarar ya duba takardu ya ce a'a, kuɗin Moshiri marasa ruwa ne sunka tafi ga fili, bashin mai ruwa kuwa an karɓe shi ne don tafiyar da harkokin kulob na yau da kullum, don haka ruwansa na cikin asara.

Na ga irin wannan da idona nan Birnin Kebbi, ba ƙwallo ba ma. Wani Alhaji da nake yi ma lissafi, mai injin casar shinkafa, ya sa kuɗinsa na kansa ya gina babban sito a bayan injin, sai kuɗin juyawa sunka yi mishi ƙaranci lokacin kaka, ya je banki ya karɓi bashi don sayen shanshera da biyan ma'aikata da man janareto. Ƙarshen shekara muna zaune a ofishinsa, takardu baje kan tebur ƙurar dusa ta hau su, ya ce in ɗora ruwan bankin kan kuɗin sito tunda ai ba don siton ba da bai ci bashi ba. Na ce Alhaji wallahi maganarka gaskiya ce a zahiri, amma ga takardar bankin nan da ka sa ma hannu, an rubuta kuɗin sayen kaya ne, duk mai binciken da ya zo ita zai karanta. Ya daɗe yana juya takardar bai ce komi ba. Hujjar Everton ke nan sak, kuma amsar da anka ba su ke nan. Ina jin zafin abin saboda a hankalce suna da magana, kuɗi ai kamar ruwa ne a randa ɗaya, amma wanda ya tsara masu takardun bai yi masu adalci ba.

Sai dai kar ka riƙe wannan ka ce shi ke nan fili ne ya kashe ku. An lissafa asarar Everton a fam miliyan 124.5, wato ta haura iyaka da miliyan 19.5. Tambayar da ya kamata ka yi ita ce mi ya kai su bakin 105 tun farko, har ruwan bashi ya zama shi ne zai tura su rami. Amsar ita ce sayen 'yan wasa da albashi. Tun da Moshiri ya shigo a 2016 sunka yi ta saye da tsada suna canza koci, 'yan wasan ba su sayuwa da riba, har a kasafinsu na kakar 2021/22 sun sa ran ƙarewa na shida sai sunka ƙare na 16, kuma a Firimiya kowane mataki kuɗi ne. Ga kuma yaƙin Yukiren a 2022 da ya sa sunka yanke hulɗa da kamfanonin Alisher Usmanov masu ɗaukar nauyinsu. Aka cire masu maki 10 a Nuwamban 2023, sunka ɗaukaka ƙara anka mayar da shi 6 a Fabrairun 2024, sannan a Afrilu anka sake cire 2 kan lissafin shekarar da ta biyo baya. Nottingham Forest ta su Awoniyi da Ola Aina ma an cire mata 4 a watan Maris na shekarar, kuma ita ba fili take ginawa ba, 'yan wasa ta ɗebo da yawa bayan ta hau Firimiya, iyakarta kuma miliyan 61 ce don ta yi shekara biyu daga cikin ukun a gasar da ke ƙasa da Firimiya.

To ita Tottenham fa? Ka tuna abin da ta yi lokacin da ake ginin. A bazarar 2018 ba ta sayi ɗan wasa ko ɗaya ba, Janairun 2019 ma haka, magoya bayanta na ta zagin shugaban kulob na lokacin, Daniel Levy. Albashinta kuma ya daɗe yana ƙasa da na sauran manyan. Babu dokar da ta hana ta saye a lokacin, aljihu ne ya hana, domin doka ta yafe maka kuɗin gini a lissafinta amma ɗan kwangila da mai siminti da banki ba su san wata FFP ba, kuɗinsu suke so ranar da anka yi alkawari. 'Yan Arsenal na gidan kallonku su ne za su ba ka labarin nan da kyau. Sun bar Highbury mai cin 38,000 sunka koma Emirates mai cin 60,000 a 2006, ginin ya ci kusan fam miliyan 390, tun ma ba a haifi dokar ba. Daga nan Henry ya tafi, Adebayor da Toure sunka tafi, Fabregas da Nasri, sai Van Persie a 2012, kulob ya yi shekara tara ba kofi daga 2005 zuwa 2014. Mutane na ta cewa kocinsu Wenger marowaci ne, alhali bashin fili yake biya da ƙafafun 'yan wasansa.

Wanda ma ya fi ban tausayi Valencia ce. Sun fara sabon fili a 2007, kuɗi sunka ƙare a 2009, kangon ya tsaya a tsakiyar gari shekara goma sha biyar da ɗoriya kafin a koma aiki a 2025.

To in wahalar ta kai haka mi ya sa kowa ke rububin gini yanzu? Nan ne ainihin maganar take, kuma ita nake so ka riƙe. A 2022 UEFA ta sauya dokarta, ta kawo ƙa'idar cewa abin da kulob ke kashewa kan albashin 'yan wasa da koci, da kuɗin sayensu, da na dillalai, kar ya wuce wani kaso na kuɗin shigarsa. An fara da kashi 90, anka sauko 80, yanzu daga kakar 2025/26 kashi 70 ne. Firimiya ma ta kaɗa ƙuri'a a Nuwamban 2025 za ta koma irin wannan tsari da kashi 85 daga kakar 2026/27. Ka buga lissafin da kanka: mai samun miliyan 600 zai iya kashe 420 kan 'yan wasa a dokar UEFA, mai samun 200 kuwa 140 ce iyakarsa, ko da mai kulob ɗin ya fi kowa kuɗi a duniya. Dubi Newcastle, asusun zuba jarin Saudiyya ne ya saye ta a 2021, kuɗi kamar ƙasa, amma a Yunin 2024 sai da ta sayar da Elliot Anderson, yaron da ta raina da hannunta, don lissafinta na PSR ya daidaita.

Ke nan attajiri ba shi da ikon zuba kuɗi kai tsaye ya sayi 'yan wasa. Ƙofar da anka bar mishi a buɗe ita ce fili. Ya zuba ko nawa ne a gini doka ba ta ƙirga ba, amma duk sisin da filin ya kawo ana ƙirga shi a kuɗin shiga, kuɗin shiga kuma su ne ke ɗaga iyakar abin da zai kashe kan 'yan wasa. Tottenham a tsohon filinta White Hart Lane kuɗin ranar wasa ba su kai miliyan 50 a shekara ba, a sabon sun haura 100. Kuma ba tikitin talaka ne ya kawo wannan ba, ɗakunan manyan baƙi ne da abinci da abin sha, ga wasan ƙwallon Amurka na NFL da ake yi duk shekara, ga mawaƙa, ga dambe, a can ne Usyk ya doke Anthony Joshua a 2021. Real Madrid ta gyara Bernabeu har ana naɗe ciyawar a ajiye ta ƙarƙashin ƙasa in za a yi wani taro, ta zama kulob na farko da kuɗin shigarsa sunka haura yuro biliyan ɗaya a kakar 2023/24. Barcelona da ke kuka da talauci ta ciyo kusan yuro biliyan 1.45 a 2023 don gyaran Camp Nou, Man United kuma a Maris 2025 ta sanar da shirin fili mai cin 100,000. Duk lissafi ɗaya suke bugawa.

Tunda ƙofa ce, dole a samu masu neman faɗaɗa ta. Sunan fili ana sayar da shi, kuma in kamfanin da ya saya na da alaƙa da mai kulob sai a fara tambayar ko farashin na gaskiya ne ko hanya ce ta shigo da kuɗin maigida ta bayan gida. Tun 2011 da anka sa ma filin Man City sunan Etihad ake wannan cece-ku-ce. UEFA ta ci su tara tare da PSG a 2014, ta dakatar da su shekara biyu a Fabrairun 2020, kotun wasanni ta CAS ta soke dakatarwar a Yulin shekarar ta bar tarar yuro miliyan 10, sannan Firimiya ta kawo tuhume-tuhume 115 na karya dokokinta na kuɗi a Fabrairun 2023, wanda su City sunka musanta. Chelsea kuwa a 2023 sai ta sayar da otal biyu da ke jikin Stamford Bridge ga wani kamfani na masu kulob ɗin kan fam miliyan 76.5, ta rubuta riba. Dokar Firimiya ta lokacin ta yarda, UEFA ba ta karɓar irin wannan ciniki. Ni a wurina wannan ya fi abin da Everton ta yi muni nesa ba kusa ba, hannun dama ne ya sayar ma hannun hagu, amma takardarsu ta yi daidai da rubutun doka, ta Everton ba ta yi ba.

Don haka da ka ce son kai, ba zan ce maka an yi ma Everton ƙarya ba, sun karya doka kuma su da kansu sun amsa, musu kawai sunka yi kan yawan abin da sunka haura. Amma tsarin kansa yana da gefe, wannan ban ɓoye maka ba. Ya fi yi ma wanda ya riga ya girma daɗi. Tottenham na Landan, tana da masu kuɗin da za su cika ɗakunan alfarma, bankuna sun ba ta bashi mai dogon zango da ruwa kaɗan a lokacin da ruwa ke ƙasa. Everton ta fara nata ginin a 2021 a tsohuwar tashar jirgin ruwa ta Bramley-Moore, sai da anka cike wurin da yashi tukuna, ga korona, ga tsadar ƙarfe, ga ruwan bashi ya tashi, ga kulob na fafutukar kar ya faɗa gasa ta ƙasa. Gini iri ɗaya ne a idon doka, amma nauyin ba ɗaya ba ne.

Wani lokaci in ina wannan lissafin sai hankalina ya dawo gida. Mu a nan muna musu kan ko a ƙirga kuɗin fili ko kar a ƙirga a Ingila, alhali yawancin kulob ɗinmu na gwamnatocin jihohi ne, filin ma na gwamnati, irin su Haliru Abdu nan Birnin Kebbi ko Sardauna Memorial a Gusau. Kulob ɗin da ba shi da fili ba shi da shago ko ɗaya da zai ba da haya, ba shi da suna da zai sayar, ba shi da abin da zai kai banki jingina, sai jiran kasafi. Remo Stars ta Kunle Soname da ta gina nata a Ikenne tare da makarantar yara ita ce ta ɗauki kofin Firimiyar Najeriya a 2025, kuma ban ɗauki wannan a matsayin sa'a kawai ba.

Game da ku kuwa, kun bar tsohon filinku Goodison Park a Mayun 2025 bayan zama tun 1892, kun shiga sabon fili mai cin sama da 52,000 da anka sa ma suna Hill Dickinson, kulob kuma ya koma hannun kamfanin Friedkin na Amurka tun Disambar 2024. Abu ɗaya za ka sa ma ido in lissafinsu na shekara ya fito. Rangwamen ɗora ruwan bashi kan gini na lokacin da ake aiki ne kawai, daga ranar da anka buɗe ƙofa ruwan ya koma shafin riba da asara. Ka duba layin kuɗin ranar wasa da na tallace-tallace, ka ga nawa sunka ƙaru a kan na Goodison, sai ka cire ruwan da ake biya duk shekara da kuɗin kula da filin. Abin da ya saura shi ne kuɗin da koci zai gani a kasuwar 'yan wasa. In takardar ta fito ka turo mani, mu zauna mu karanta ta tare in na shigo Argungu.